Illolin magungunan asibiti a birnin Tawa da arewacin Adar: hanyoyin kaucewa da na kulawa

Taƙaitawa

Wannan takarda ta dubi illolin da magungunan asibiti ke yi wa majinyata, tare da ɗaukar birnin Tawa da arewacin Adar a matsayin fagen misali. Mun bayyana ma'anar illar magani da rabe-rabenta, da abubuwan da ke ƙara haɗarinta a wannan yanki, da yadda jama'a ke fassara ta, sannan muka kawo matakan kaucewa, da na kulawa, da na kai rahoto.

1. Gabatarwa

Duk maganin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Masana harhaɗa magunguna sun daɗe da sanin haka, amma ba a tsara aikin sa ido a kan illolin magani ba sai bayan abin da ya faru da maganin talidomid. An riƙa ba mata masu ciki wannan magani a Turai da wasu ƙasashe don kwantar da tashin zuciya, kuma kafin a janye shi a 1961 an haifi dubban yara da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta kafa shirin tattara rahotannin illolin magani daga ƙasashe, wanda cibiyarsa ta koma birnin Uppsala na ƙasar Suwidin a 1978. Wannan aiki shi ake kira pharmacovigilance da Faransanci, mu kuma a nan za mu kira shi sa ido a kan magani.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa a yanki irin na Adar, inda tafiya zuwa babban asibiti ke da nisa, kayan gwaji kuma ba su wadata ba, yawancin abin da zai kare majinyaci yana cikin tambayar da aka yi masa kafin a ba shi magani, da bayanin da aka yi masa bayan an ba shi. Saboda haka batun ya shafi masu nazarin harshe da zamantakewa kamar yadda ya shafi ma'aikatan kiwon lafiya.

2. Ma'ana da rabe-rabe

A ma'anar da OMS ta bayar a 1972, illar magani ita ce duk wani abu mai cutarwa, wanda ba shi aka nufa ba, da ya biyo bayan shan magani bisa ƙa'idarsa. Daga baya an faɗaɗa fagen ya haɗa da kuskuren rubutawa ko bayarwa, da shan abin da ya wuce kima, da jabu ko gurɓataccen magani.

A 1977 Rawlins da Thompson suka raba illolin gida biyu. Na farko shi ne wanda ya samo asali daga aikin maganin kansa, yana ƙaruwa idan aka ƙara yawan maganin, kuma ana iya hangensa tun kafin ya auku. Misali, maganin ciwon sukari ya sauke sukarin jini fiye da yadda ake so, ko maganin hawan jini ya sa jiri idan mutum ya miƙe tsaye. Wannan kashi shi ya fi yawa, shi ne kuma ya fi sauƙin kaucewa. Na biyu shi ne wanda ya danganta da jikin mutumin, ba da yawan maganin ba, kamar borin jini da shaƙewar numfashi bayan allurar penisilin. Bai cika aukuwa ba, amma ya fi kisa. Amfanin wannan rabo ga mai aiki shi ne, a kashi na farko rage magani kan isa, a kashi na biyu kuwa sai an daina shi baki ɗaya, kuma ba a sake ba mutumin shi har abada.

3. Yanayin yankin

Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Tawa na da mutum fiye da miliyan 3. Tsarin kiwon lafiya hawa-hawa ne: ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, sai gidajen likita na CSI, sai asibitocin gunduma, sai babban asibitin jaha da ke birnin Tawa. Akwai abubuwa huɗu da ke ƙara haɗari a nan.

Na farko nisa. Mutumin da illa ta same shi a wani zango wajen Abalak ko Cintabaradan, ko a wani ƙauye na Kaita da damina ta yanke hanyarsa, yana iya kwana bai ga ma'aikacin lafiya ba. Illar da za a shawo kanta cikin sa'a guda a birni tana iya zama ajali a can.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa kan wuce digiri 40, alhali yawancin magunguna an yi su ne don a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Wasu, kamar insulin da allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jinin haihuwa da ita, suna buƙatar sanyi. Har ila yau zafi na ƙarar da ruwan jiki, wanda ruwan jikinsa ya ragu kuwa ƙodarsa ba ta jure magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen.

Na uku kasuwar magani ta bayan fage. Tun bayan Shirin Bamako na 1987 majinyaci ke biyan wani kaso na kuɗin jinya, sannan karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta sa magungunan farmasi tsada. Masu tallar magani a faranti da kan tebur suka cike giɓin, suna sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, ba kwali, ba takardar bayani. Hanyar Ƙonni ta haɗa jahar da kasuwannin Nijeriya, ga kuma ƴan Adar masu tafiya bida zuwa ƙasashen gaɓar teku da Libiya, waɗanda kan dawo da magunguna a cikin tsaraba. Jinyar kyauta da gwamnati ta ayyana a 2006 ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta rage wannan matsi, amma duk lokacin da magani ya yanke a gidan likita, ordonansi kan ƙare a hannun mai tebur.

Na huɗu jikin majinyatan kansa. Yaro mai tamowa ba ya sarrafa magani kamar lafiyayye, kuma ana yawan ba yara magani bisa shekaru maimakon nauyi. Akwai kuma ƙarancin sinadarin G6PD a jajayen ƙwayoyin jini, abin gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Mai shi idan ya sha wasu magunguna, irin su primakin ko dapson, jininsa kan fashe, fitsari ya yi baƙi, ido ya yi rawaya. Wannan ne ya sa aka janye maganin masassara mai suna Lapdap a 2008.

4. Yadda jama'a ke fassara illa

Binciken da Nina Etkin da Paul Ross da Ibrahim Muazzamu suka yi a wani ƙauyen ƙasar Kano, wanda suka buga a 1990, ya nuna cewa Bahaushe ba ya raba aikin magani da illarsa yadda likita ke rabawa. A maganin gargajiya, amai da zawo da gumi da fitowar ƙuraje alamu ne na cewa ciwo yana fita daga jiki. Idan ƙwayar asibiti ta haifar da irin waɗannan, ana iya ɗaukarsu shaidar cewa magani ya kama aiki. Etkin ta ƙara faɗaɗa wannan bayani a 1992.

Wannan fahimta na da sakamako iri biyu, kuma kowanne na da haɗari. Uwa na iya ganin ƙuraje sun feso wa ɗanta bayan ya sha magani ta ce ciwo ne ke fitowa, ta ci gaba da ba shi, alhali lokacin dainawa ke nan. A ɗaya gefen, mai tarin fuka na iya ganin fitsarinsa ya yi ja saboda rifampisin, abin da ba shi da wata illa, ya tsorata ya bar maganin da ransa ya dogara a kansa.

Kalmomin ma sai an lura da su. Majinyaci zai ce magani bai karɓe shi ba, ko ya fi ƙarfinsa, ko jininsa ba ya so. Waɗannan maganganu na iya nufin borin jini na gaske, ko tashin zuciya, ko kuma kawai bai ga sauƙi ba. Ma'aikacin da ya rubuta allergie a takarda ba tare da ya tambayi abin da ya faru ba yana iya hana mutum magani mai amfani har ƙarshen rayuwarsa. Wanda kuma ya yi watsi da maganar yana iya sake ba shi abin da zai kashe shi. A arewacin jahar matsalar ta ninku, don majinyaci na iya zama mai jin Tamajak ko Fulatanci ko Larabci, maganar ta bi ta bakin tafinta kafin ta kai ga majo, daga nan a rubuta ta da Faransanci.

5. Misalai huɗu

5.1 Rigakafin masassarar damina. A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu wata 3 zuwa 59 magungunan sulfadoksin-pirimetamin da amodiyakin kowane wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel. Nijar ta fara a 2013, kuma gundumomin Madawa da Buza na jahar Tawa suna cikin na farko, da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF. Ranar farko ana ba yaro maganin a gaban mai rabawa, kwana biyu na gaba uwa ke ba shi amodiyakin a gida. Illolin da aka fi gani su ne amai da ciwon ciki da kasala, kuma suna wucewa. Wadda ake tsoro ita ce cutar Stevens-Johnson, inda fata ke saɓulewa kamar ƙuna, baki da ido su yi gyambo. Tana da wuyar aukuwa ƙwarai, amma tana kisa. Tun da lafiyayyun yara ake ba maganin, ƙa'idar keɓewa na da tsanani: ba a ba yaron da ke cikin rashin lafiya sai an duba shi, ko mai shan kotrimoksazol, ko wanda ya sha ɗaya daga cikin magungunan biyu cikin kwana 30 da suka wuce, ko wanda suka taɓa yi wa illa mai tsanani.

5.2 Kinin da allura. Kinin na sa ƙarar kunne da jiri, yana kuma sauke sukarin jini, musamman ga mai ciki da ƙaramin yaro. Allurarsa a ɗuwawu, idan ba a yi ta a wurin da ya dace ba, tana taɓa babbar jijiyar ƙafa ta shanye ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hubert Barennes da abokan aikinsa suka gwada bayar da kinin ta dubura ga yara a Yamai a shekarun 1990. Tun 2011 OMS ta fifita allurar artesunat a kan kinin ga masassara mai tsanani, don ta fi ceton rai kuma ba ta cika sauke sukari ba. Abin da ya rage shi ne son allura da jama'a ke yi, da ganin cewa jinyar da ba allura ba ta cika ba.

5.3 Tarin fuka mai gardama. A 2008 Nijar ta fara amfani da gajeren tsarin jinya ga tarin fukan da ya bijire wa magungunan farko, tare da ƙungiyar Damien. An sami warkewa mai yawa, amma allurar kanamisin da ke cikin tsarin ta rage wa wasu majinyata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Daga 2018 OMS ta cire kanamisin daga shawarwarinta, aka koma ga magungunan sha irin su bedakilin, wanda shi kuma ke buƙatar auna bugun zuciya. Darasin shi ne, sauya magani na sauya irin sa idon da ake buƙata, ba ya kawar da shi.

5.4 Magungunan kasuwa. Tramadol, wanda aka fi sani da tramol, maganin ciwo ne da iyakarsa ga babba ita ce miligiram 400 a yini, amma a kasuwa ana samun ƙwayoyi masu miligiram 200 ko 225. Masu aikin ƙarfi na shansa don kashe gajiya. Yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kuma kama jiki. Deksametazon da ake sha don ƙiba yana kumbura fuska, ya kawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana garkuwar jiki. Parasetamol ma, da ake ganin ba shi da laifi, yana lalata hanta idan babba ya wuce giram 4 a yini, ko yaro ya wuce miligiram 60 ga kowane kilo, abin da ke aukuwa cikin rashin sani idan aka haɗa magungunan mura da na ciwon jiki da kowanne ke ɗauke da shi.

Jabu kuwa illarsa iri biyu ce. Ko dai ba kome a ciki, kamar allurar rigakafin sanƙarau ta jabu da aka yi wa mutum wajen dubu 60 a Nijar lokacin annobar 1995, da waɗanda OMS ta yi gargaɗi a kansu a ƙasar a 2015 da 2019. Ko kuma da guba a ciki, kamar siron da ya gurɓata da sinadarin diyetilen gilikol, wanda ya kashe yara fiye da 100 a Nijeriya a 1990, da wasu 84 a 2008 zuwa 2009, da wajen 70 a Gambiya a 2022.

6. Matakan kaucewa

Kafin a rubuta magani akwai tambayoyin da ba su buƙatar wani kayan aiki. Me majinyaci ya riga ya sha, na asibiti da na tebur da na gargajiya? Wani magani ya taɓa yi masa wani abu, kuma mene ne ainihin abin da ya faru? Mace tana da ciki ko tana shayarwa? Fitsari ya ragu, ko ido ya taɓa yin rawaya? Yadda aka yi tambayar shi ke kawo amsa. Wanda aka tambaya da faɗa zai ce bai sha kome ba, don haka ya fi a roƙe shi ya kawo ragowar ƙwayoyin a gani.

Wajen rubutawa, a auna yaro a sikeli. A rage yawan magunguna a ordonansi ɗaya, don kowane ƙari na ƙara yiwuwar karo tsakaninsu. A fifita sha a kan allura matuƙar majinyaci na iya haɗiya. A tuna cewa ba a ba mai ciki ibuprofen da danginsa daga wata na shida, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 tetrasiklin, kuma rifampisin na rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Wajen bayani, a danganta lokutan sha da lokutan salla ga wanda bai yi karatun boko ba, a kuma sa shi ya maimaita abin da aka faɗa masa. A haɗa da abincin yankin: nono da fura na rage shigar tetrasiklin da siprofloksasin cikin jiki, alhali madara na taimakon artemeter-lumefantirin shiga. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya nisanci kanwa. Mai ciwon sukari da ke niyyar azumi ya zo kafin watan ya kama a daidaita masa magani, musamman mai shan gilibenklamid. Mafi muhimmanci, a raba masa alamu gida biyu: waɗanda za su wuce, da waɗanda ke nufin ya daina ya dawo nan take.

7. Kulawa idan illa ta auku

Matakin farko shi ne zargi. Duk sabuwar alamar da ta bayyana bayan fara magani, a sa maganin cikin abin da ake tuhuma, maimakon a ƙara wani magani a kanta. Hanyar Faransa ta ɗora alhaki, wadda Bégaud da abokan aikinsa suka sabunta a 1985, ta dogara ne a kan tambayoyin da kowane majo zai iya yi: tazarar da ke tsakanin sha da bayyanar alama ta dace? Alamar ta lafa da aka daina? Akwai wani dalilin da ya fi kusa? An san maganin da irin wannan?

Alamun da ke wajabta dainawa da gaggawa su ne shaƙewar numfashi ko kumburin fuska da harshe, ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambon baki da ido, rawayar ido, baƙin fitsari ko ɗaukewarsa, aman jini ko baƙin bayan gida ga mai shan maganin ciwon jiki, da jijjiga ko suma. Ga shaƙewa da faɗuwar jini bayan allura, maganin farko shi ne adrenalin a naman cinya, miligiram 0.5 ga babba, ba tare da jira ba. Don haka duk inda ake allura ya kamata a same shi, a kuma tsare majinyaci ɗan lokaci kafin ya tafi. Wanda sukarinsa ya faɗi a ba shi sukari a baki idan yana farke, ko ta jijiya idan ya suma. Mai saɓulewar fata a kula da shi kamar wanda ya ƙone, a tura shi babban asibiti. Maganin gubar parasetamol, wato asetilsistayin, ya fi aiki cikin sa'a 8 na farko.

Akwai kuma magungunan da ba a yanke su farat ɗaya. Wanda ya daɗe yana shan deksametazon ko maganin farfaɗiya, dainawa kwatsam na iya jefa shi cikin haɗarin da ya fi na farko, sai dai a rage a hankali. Mai shan maganin tarin fuka ko na sida kuma kada ya daina da kansa a kan ƙaramar illa. A ƙarshe a rubuta sunan maganin a katin majinyaci, a faɗa masa da wani ɗan'uwansa, don a wurin da takarda ke ɓata, iyali su ne ma'ajiya.

8. Kai rahoto

Nazarin da Hazell da Shakir suka yi a 2006, inda suka tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna wajen kashi 94 cikin 100 na illolin magani ba a kai rahotonsu. Dalilan sanannu ne: yawan aiki, tsoron a ɗora wa mutum laifi, jiran tabbaci, da rashin jin amsa daga sama. Ya kamata a fahimci cewa zargi kaɗai ya isa a cike takarda. Abin da ake buƙata shi ne bayanin majinyaci, sunan magani da lambar rukuninsa, abin da ya faru da ranakunsa, da mai kai rahoton. Idan ana zargin ingancin maganin ne, a ajiye ragowarsa da kwalinsa don a aika ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai. Rahoto ɗaya daga Tabalak ba ya nuna kome, amma idan ya haɗu da irinsa daga Ilela da Buza a kan rukuni ɗaya, ana iya janye magani kafin ya kai ga wasu.

9. Kammalawa

Mun ga cewa nisa da zafi da kasuwar bayan fage da raunin jiki na ƙara haɗarin magani a wannan yanki, kuma fassarar da jama'a ke yi wa amai da ƙuraje na iya jinkirta neman taimako. Muna ba da shawarar abubuwa uku ga ɗalibai masu neman fagen bincike: tattara kalmomin da ake bayyana illar magani da su a Adaranci da Tamajak da Fulatanci, tare da ainihin abin da kowace ke nufi, nazarin hirar da ke gudana tsakanin majo da majinyaci a gidajen likita, da shirya gajeren jerin alamun haɗari a harsunan yankin, a gwada shi da iyaye mata kafin a ba gidajen rediyon karkara da masu rabon maganin damina.